Ƙafafun Kalisto

Ranar idin waliyyin garinmu aka tsinci Maestro Ventura, mai zane, kwance cikin jini a ɗakin amarya na gidan Messer Galeotto mai fataucin ulu. Duk gari muna bin gicciye da kyandirori zuwa majami'a, sai ga Tanush ya ɓullo daga lungu a guje, ba takalmi, hannuwansa jawur, yana ihu da harshensu na Albaniya wanda ba mai ji. Kafin ya tuno da namu harshen, maza sun riga sun danne shi a ƙasa.

Ban ga laifin tsoronsu ba, laifin saurinsu na gani. Tanush ɗan dako ne, ya ƙetaro teku da tsohuwarsa lokacin da yaƙi ya ci ƙauyensu. Tun da Maestro ya ɗauke shi yana tsaya masa tsirara yana zana jikinsa, mutanen garinmu suka sa masa ido. Ƙato ya tuɓe a gaban wani ƙato? Ai wannan, in ji su, babu abin da ba zai aikata ba. Su kuwa masu faɗin haka, da zarar an gama zane, su ne kan gaba wajen zuwa kallo baki buɗe.

An rotsa wa Maestro ƙeya da gudumar katako. Yana numfashi, amma ba ya magana. Babban zanen da ya manna a bango, wanda ya cinye masa hunturu guda, an yanke tsakiyarsa an tafi da shi. Alƙali bai tsaya wata-wata ba. Ya ce ranar kasuwa za a sare wa Tanush hannun dama, in kuwa Maestro ya cika kafin nan, igiya ce.

Washegari tsohuwar Tanush ta zo ƙofarmu. Ba ta jin harshenmu, ba mu jin nata. Ta kama hannun mijina na dama, ta ɗora a kanta, ta tsaya haka nan.

Mijina Bindo shi ne mai bin sawu na garin. Kyarkeci ya ci tumaki, alfadari ya ɓata, fursuna ya tsere, shi ake nema. Ba ya magana. Tun da na aure shi nake yin maganar mutum biyu, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Na ce, "Kai Bindo, kana gani ko sai na fassara maka?"

"Ina gani, Nencia."

"To tashi."

"Alƙali bai kira ni ba."

"Ni na kira ka. Ko sai na aro hularsa na sa?"

Ya ajiye tarkon da yake gyarawa, ya ɗauki sandarsa.

* * *

Ba baƙuwa ba ce ni a wurin aikin Maestro, ni nake kai masa ƙwan da yake dama launi da shi. Na san yadda suke yi. Sai a lilliƙa takardu su yi faɗin bango, ya zana mutanensa da gawayi, sannan a bi kowane layi da allura ana hudawa. In an manna a bango, sai a riƙa buga ƙullin garin gawayi a kai, garin ya bi ta hujin ya bar ɗigo-ɗigo a jikin yaɓe. Wannan ɗigon mai zane yake bi da launi.

Zanen na mata ne a bakin tafki, ko ƙyalle babu a jikinsu. Wata doguwa mai jinjirin wata a goshi tana nuni da yatsa. Sauran sun miƙa hannuwa suna fizgar mayafin wata, amma ita wannan ɗin babu ita, sai rami a takarda. Ɗigon da ke bango a bayan ramin ma an goge shi tas. Abin da ya rage nata ƙafafu ne biyu, daga idon sawu zuwa ƙasa.

Bindo ya dubi daɓen ɗakin ya yi tsaki. Gari duka ya shigo kallon jini, babu sawun da zai karantu.

A ɗaya kusurwar, Nofri kafinta yana goge ƙafar gadon amarya. Mutum ne mai natsuwa, ba ya shan giya ya yi tangaɗi, ba ya dukan matarsa, aikinsa kuma ba a kushe shi.

Na ce, "Sannu da aiki, Nofri. Ba ka ji tsoron ɗakin ba?"

"Biki ba ya jira, Monna Nencia."

Bindo ya ce, "Gudumar taka ce?"

"Tawa ce. Nan nake barin ta kullum, kowa ya sani. Wanda ya shigo zai iya ɗauka."

Bindo ya gyaɗa kai, ya juya wa daɓe baya, ya koma bin gefen ramin da yatsa kamar yadda yake bin gefen rafi. Yankan ya tafi sambal, ba karkata. Amma can sama, wajen inda kai zai kasance, wuƙar ta kauce ta yi ɗan zagaye, sannan ta dawo hanya.

A hankali ya ce mini, "Gashinta ne ya tashi a nan. Ya kewaye shi."

"To sai me?"

"Ɓarawo zai naɗe zanen duka. Mai ƙiyayya zai kekketa. Wannan bai yarda wuƙa ta taɓa ko gashinta ba."

Sannan ya durƙusa gaban ƙafafun nan biyu. Ya daɗe yana kallonsu, har na gaji da tsayuwa na zauna a kan buhun farar ƙasa.

* * *

Mai gadin kurkuku ya bar mu muka shiga saboda cukun da na riƙo masa. Tanush yana zaune a kan ciyawa, ya sa hannunsa na dama a hammata kamar wanda ake shirin ƙwace masa yanzu.

"Ban taɓa shi ba, uwa. Abinci na je kiransa. Na ɗaga kansa, shi ne jinin."

Na ce, "Mun ji. Matar da aka yanke, wace ce?"

"Ni ce."

Na ce, "Kai ɗan nan, ana batun hannunka kana wasa?"

"Ba wasa ba ne. Dukansu ni ne. Wace mace ce a garin nan za ta tuɓe wa Maestro? Ni nake tsayawa. Ya ce karkata ƙugu, na karkata. Ya ce ɗaga hannu kamar kana jin kunya, na ɗaga. Sauran abin da babu a jikina, shi yake ƙarawa daga kansa. Ita wannan kuwa, matashin kai ya ɗaura mini a ciki."

Duk da baƙin cikin wurin sai da dariya ta kuɓuce mini. Ƙato mai gemu, mai ɗaukar ganga biyu a kafaɗa, da matashi a ciki yana jin kunya.

Bindo ya ce, "Fuskar fa?"

"Fuska ba tawa ba ce, baba. Ni jiki nake bayarwa. Fuskoki yake sawa a ƙarshe, shi kaɗai. Ita wannan da ya gama ta ya huda ta da kansa, ya rataya ƙyalle ya rufe ta. Ban taɓa ganin ta ba."

Da za mu fita ya kira ni. "Uwa, in sun sare, wa zai ɗebo wa tsohuwata ruwa?"

Na ce masa ba za su sare ba. Ban san da me na dogara ba, amma na faɗa da ƙarfi, don ni ma in ji.

* * *

Rabin garin da bai zargi Tanush ba, Fra Eliseo yake zargi a ɓoye. Shi ne mai wa'azin da ya shafe azumi yana tsine wa allolin mutanen dā da masu zana su. An kuma ji shi yana ɗaga murya a ɗakin amarya jajibirin idi. Mun same shi a lambun gidan ibada yana cire ciyawa daga cikin albasa.

Ya ce, "Na san abin da ya kawo ku. I, na je. Na ce masa ya ji tsoron Allah, yarinya za ta buɗe ido daren farko ta ga tsiraicin arna a kanta."

Na ce, "Sai ka dawo ranar idi ka ƙarasa wa'azin da guduma?"

"Monna Nencia, bakinki zai kai ki wuta."

"In na je zan gaishe da masu zargin bayin Allah ba shaida."

Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa. "Ranar idi ni ne riƙe da gicciye, gari duka yana bayana, har da ke kina surutu. Kuma da ni ne, 'yata, da ba mace ɗaya zan yanka ba. Wuta zan sa wa takardar gaba ɗaya."

Wannan gaskiya ce, kuma ta ba ni haushi, don na so a ce shi ne.

Bindo ya ce, "Wadda aka rufe da ƙyalle, ka gan ta?"

"Na fizge ƙyallen cikin fushi, na ce me kake ɓoyewa wanda ya fi waɗannan muni? Amma ban duba ba. Na juya na fita."

"Wa ke ɗakin?"

"Shi Ventura ya biyo ni har tsakar gida yana zagina. Sai dai masu aiki. Kafinta yana nan, ina ji, don na yi tuntuɓe da katakonsa."

Bindo ya tsuguna ya cire masa ciyawa ɗaya da ya tsallake, muka tafi.

* * *

Messer Teofilo shi ne malamin Latin na 'ya'yan Galeotto, shi ya zaɓi labarin da za a zana. Tsoho ne mai tawada a gemu. Da ya ji abin da muke so, ya kwashe littattafai daga benci ya ba mu wuri, abin da ba kowane mai ilimi yake yi wa mai bin kyarkeci ba.

"Mai jinjirin watan ita ce Diyana, uwargijiyar farauta a wurin mutanen dā. 'Yan matan rakiyarta duk sun rantse ba su ba namiji. Wadda aka yanke sunanta Kalisto. Babban allahnsu ya yaudare ta, ya zo mata da siffar Diyana, ya fi ƙarfinta. Ta ɓoye cikin har ranar da suka je wanka, aka ce kowa ta tuɓe. Ta ƙi, suka fizge mata mayafi. Aka kore ta, daga baya aka mai da ita dabbar daji, a ƙarshe aka ɗora ta a sama ta zama taurari."

Na ce, "Wannan kuka zaɓa wa amarya? Sannunku da kirki."

Ya yi murmushi. "Ni na zaɓa don gargaɗi, cewa abin da aka ɓoye zai fito. Ventura ya ƙi yarda da wannan ma'ana. Mun yi ta musu har miya ta huce. Ya ce, Teofilo, kai ka karanta labarin, ni na tsaya a cikinsa. A duk matan nan ita kaɗai ce ba ta cuci kowa ba. Dubi yadda na zana hannuwansu, in ji shi, kamar na masu fige kaza, ita kuwa na tsayar da ita a miƙe. Ya ce zai ba ta fuskar macen da ta fi kowa gaskiya a garin nan." Ya share ido da bayan hannu. "Na fara ganin shi ne da gaskiya. Ban samu na gaya masa ba."

"Fuskar wa?" in ji Bindo.

"Bai faɗa ba. Ranar Lahadi yake satar fuskoki a majami'a, daga bayan ginshiƙi."

Bindo ya juya sandarsa a hannu. "Messer, wanda bai san labarin ba, in ya ga zanen, me zai gani?"

Tsohon ya shafa gemunsa. Sannan ya ce, "Mace tsirara da ciki, ana tona mata asiri."

"In kuma ya san fuskar?"

Messer Teofilo ya dafe kai. "Wayyo Allah. Ni da Ventura muna ta musu a kan ma'ana, ba wanda ya tuna da wanda zai shigo ɗakin da ido kawai."

* * *

Abin da ya rage aikina ne. Na ɗauki wanki na tafi maɓuɓɓuga, inda ba a ɓoye komai sai abin da ba a sani ba. Ban sha wahala ba. Matan da ke zama kusa da ginshiƙin nan na majami'a sanannu ne, kuma kowacce ta rantse ita Maestro yake kallo, har da wadda ba ta da haƙori ko ɗaya.

Mutum ɗaya ce ba ta shiga gardamar ba, Smeralda matar Nofri. Tana can gefe tana cuɗa riga ɗaya tun zuwana, fuskarta ta yi fari fat. Da ƙamshin sabulu ya buge ta sai ta juya ta dafa bango. Na haifi biyar, ba sai an gaya mini ba.

Na ja ta bayan itacen ɓaure. "Wata nawa, 'yar nan?"

Ta fashe da kuka. "Don Allah, Monna Nencia, kada ki faɗa. Kin san sau nawa yana zubewa. Kowane karo Nofri sai ya sassaƙa gadon jariri, sannan ya faskara shi ya sa a murhu. Na ce wannan karon ba zan gaya masa ba sai ya motsa."

"To kukan na mene ne?"

"Jajibirin idi ya dawo daga aiki, bai ce mini komai ba. Ya ɗora hannu a cikina, ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya fita. Tun ranar bai ci abincina ba. A shago yake kwana."

Na rungume ta. Na zo neman abin da zai ceci ɗan wata, ga shi na samo abin da zai rushe gidan wannan. Na ji tausayinta har cikin ƙashina. Amma na tuna hannun nan da ke ɓoye a hammata, na ce a raina ba za a sare shi don a rufa wa wani asiri ba.

Da na gaya wa Bindo, sai ya ce, "Wannan magana ce. Alƙali ba zai saki baƙo ya kama ɗan gari a kan magana ba."

"To samo masa sawu, ai aikinka ne!"

Ya fita. Da ya dawo riƙe da ɗan guntun takardar zanen, ya ɗauki farin ƙyallen da nake rufe burodi da shi, ya shiga rumfar awaki. Can ya fito ya miƙo mini shi duk baƙi-baƙi. Na buɗe baki zan zazzaga masa, sai na ga yana murmushi, abin da yake yi sau ɗaya a shekara.

Ya ce, "Je ki gaya wa alƙali ya tara su gobe a ɗakin amarya. Ki ce shi da kansa zai zauna."

"Me ya sa sai shi da kansa?"

"Wa yake zuwa gaban alƙali da rigar aiki?"

* * *

Alƙali ya zo yana ƙunƙuni, don gobe ce kasuwa kuma ya riga ya aika a wasa gatari. Aka kawo Tanush da sarƙa. Ga Messer Galeotto, ga Messer Teofilo, ga Fra Eliseo, ga Nofri da sauran masu aikin gidan. Kowa ya sa rigarsa ta idi, don talaka riga mai kyau ɗaya gare shi. Mata suka cika ƙofa, Smeralda tana cikinsu.

Alƙali ya ce, "Bindo, an ce kana da magana. Ban taɓa jin kana da ita ba."

Bindo ya yanki ɗan gefen zanen, inda aka riga aka huda aka buga gawayi. Ya ninke shi, ya cusa cikin rigarsa, ya danne da hannu, ya zagaya ɗakin. Sannan ya zare takardar ya buɗe rigar. A jikin farin shafin ciki ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe a jere, siffar ganye.

"Takardar nan tana barin sawu, ranka ya daɗe, aikinta ke nan. Wanda ya fita da ita ranar idi bai riƙe ta a hannu ba, gari cike da mutane. A cikin riga ya sa ta, yana gumi. Kowa ya buɗe tasa."

Suka fara kwance maɓallai. Messer Galeotto ya yi ta huci, amma ya buɗe. Fra Eliseo ya zazzage hannayen rigarsa, ɓawon albasa ya faɗo. Nofri kaɗai ya tsaya, hannuwansa a gefe.

Alƙali ya ce, "Kafinta."

Ya buɗe a hankali. Shi kansa bai san abin da ke ciki ba, na ga haka a idonsa lokacin da ya sunkuya ya duba. A shafin hagu, daidai kan zuciya, ga ido ɗaya, ga hanci, ga rabin baki, duk da ɗigon gawayi, ga kuma silin gashi da ya tashi sama. Babu macen da ke ƙofar nan da ba ta gane ta ba. Suka dare suka bar Smeralda tsaye ita kaɗai.

Nofri ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Maestro ya ga matata tsirara. Ya san tana da ciki, ni mijinta ban sani ba. Na taɓa, na ji, gaskiya ne! Zai manna ta a bango gari ya zo kallo. Takardar kawai na zo ɗauka, na rantse da Budurwa Maryamu. Ya shigo ya kama ni da kokawa yana cewa aikinsa, aikinsa. Me za ku yi in ku ne?"

Wasu mazan suka fara gyaɗa kai. Na ga abin zai juye a kan Smeralda.

Bindo ya kamo sarƙar Tanush ya jawo shi gaban zanen. "Ɗora ƙafarka nan."

Tanush ya ɗora ƙafarsa ta hagu kusa da ƙafar Kalisto. Faffaɗar dunduniya iri ɗaya. Babban yatsa a karkace iri ɗaya. Ƙaramin yatsa kuwa babu shi a duka biyun, sanyin duwatsu ya cinye shi tun a hanyar gudunsu.

Bindo ya ce, "Na san sawun nan tun ranar da ya shigo garinmu. Ku duba sauran matan, duk ƙafarsa ce. Nofri, ka ɗauki fuska ka tafi, ka bar ƙafa. Da ka duba ƙasa, da ka ga ba matarka ba ce."

"Cikin fa?" in ji Nofri.

Tanush ya ce, "Matashin kai ne, maigida. Yana can bayan ganga, da igiyarsa."

Messer Teofilo ya matso. "Labarin ne ya zo da cikin, ɗana, tun kafin a haifi kakan kakanka. Ventura bai san komai game da matarka ba. Abin da ya sani ɗaya ne. Ya ce mini zai ba wadda ba ta da laifi fuskar macen da ta fi kowa gaskiya a garin nan."

Smeralda ta tako har gaban mijinta. Ba ta yi kuka ba.

"Naka ne, Nofri. Jira nake ya motsa, don kada ka sake faskara gado."

Ya sulale ƙasa ya zauna cikin garin katako, ya rufe fuska da rigar.

* * *

Maestro Ventura bai mutu ba, sai dai bakinsa ya karkace, hannunsa kuma yana rawa. Almajiransa ne suka ƙarasa bangon yana nuna musu da sanda. Ya sa aka juya kan Kalisto, ƙeyarta kawai ake gani. Ƙafafun kuwa ya hana a gyara.

Hukuncin da aka yanke wa Nofri kora ce daga gari da ƙasarsa, ba dawowa. Gatarin da aka wasa saboda baƙo, da aka zo kan ɗan gari sai aka mai da shi kube. Na faɗi haka a gaban alƙali, ya yi kamar bai ji ba. Ba hannun Nofri nake so ba, Allah ya sani. So nake wani ya ji kunya.

Ranar kasuwa da safe aka fitar da shi. Akwatin kayan aikinsa yana da nauyi, kuma duk mazan da suka gyaɗa masa kai jiya babu wanda ya matso. Tanush ne ya ratso taron, alamar sarƙa tana wuyan hannunsa. Ya kama akwatin da hannun dama ya ɗora a kafaɗa.

Nofri ya ce, "Kai? Na bar su za su sare maka hannu."

"Na sani, maigida. Wuce mu je, rana tana yi."

Muka tsaya a ƙofar gari, ni da Bindo da Smeralda, muna kallonsu suna gangarawa cikin itatuwan zaitun har hanya ta karya kwana. Ta ce ba za ta bi shi ba, tafiya za ta zubar da cikin. Bayan wani lokaci Tanush ya dawo shi kaɗai, ya gaishe mu, ya wuce ɗebo wa tsohuwarsa ruwa. Bindo yana kallon ƙasa kamar kullum, sawu biyu sun fita, ɗaya ya dawo mai yatsu tara.

Mun juya za mu shiga gari ke nan, Smeralda ta tsaya cak. Ta cafko hannuna ta danna a cikinta. Na ji shi, ɗan bugu kaɗan, sannan wani.

Ta juya wajen hanya ta kira sunan mijinta da iyakar ƙarfinta. Babu kowa a hanyar sai wani mai jaki da ke hawowa da tukwane.